Baƙo Raɓa Ne, Namu Kuwa Ya Zama Damina

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin iyaye idan za su tura yaro karatu Jamhuriyar Benin, wato "ai muna da mutum a can." Da zarar uba ya furta wannan kalma, to a wurinsa an gama maganar ɗaki, an gama maganar abinci, an gama maganar wanda zai tsaya wa yaro idan ya kwanta ciwo ko ya shiga hannun hukuma. Sai a nemo lambar wayar wani bawan Allah a Zangon Paraku ko a Jugu, wanda wataƙila rabon da a gaisa da shi tun wani biki shekara goma baya, a ce masa, "Alhaji, ga ɗanka nan tafe." Shi ke nan. Ba a tambaye shi ɗaki nawa ne a gidansa ba, ba a tambaye shi ko kasuwa na tafiya ba, ba a faɗa masa ranar da ɗan nasa zai tashi ba.

Ni dai ina ganin wannan zalunci ne da muke yi wa mutane da sunan zumunci. Kuma zaluncin kashi biyu ne: akwai na iyaye da ke jibga wa wani nauyin da yake nasu, akwai na ɗalibai da ke shiga gidan mutum su ci, su sha, su kwana, sannan su raina shi. Na sha tayar da wannan batu a shirin da nake gabatarwa na wayar kai tsaye, kuma duk ranar da na tayar da shi layuka ba sa hutawa. Abin da na lura shi ne, masu kira daga gida Najeriya yawanci ƙorafi suke kawowa a kan masu masauki, masu kira daga can kuwa sai an yi ta jan su kafin su faɗi abin da ke ransu, saboda kunya. Wannan kunyar tasu ita muke ci.

Bari mu fara da dalilin da ya sa hankali ya karkata ga Paraku. Shekara da shekaru yaranmu Kwatano suke kwarara, zuwa makarantu masu zaman kansu da ke koyarwa da Turanci, wasunsu bene ɗaya ne kacal da allon suna a ƙofa. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samu takardar digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, har ya yi amfani da ita ya shiga bautar ƙasa. A watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. A watan Agustan wannan shekarar ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya bayyana cewa sama da 'yan Najeriya 22,000 ne ke riƙe da takardun bogi daga ƙasashen biyu, ya kuma ce jami'o'i biyar ne kawai aka amince da su a Benin. Jami'ar Paraku, wadda gwamnatin Benin ta kafa a 2001, tana cikinsu. A can ana karatun likita, da noma, da shari'a, da tattalin arziki, kuma da Faransanci ake koyarwa, ba sauƙi ba lallashi.

Ga uba Bahaushe, Paraku ta haɗa abubuwa da dama. Tana arewacin ƙasar, Musulmi na da yawa, akwai unguwar Zango, kuma ba ta da nisa da kan iyaka: daga Cikanda ta Jihar Kwara a bi ta Nikki, ko daga Tsamiya ta Jihar Kebbi a bi ta Segbana. Jugu kuma, mai nisan kilomita ɗari da 'yan kai yamma da Paraku, gari ne na malamai tun fil azal, kuma har yau ana tura yara can neman karatun addini. Duk wannan gaskiya ne. Amma kasancewar gari yana da masallatai da masu jin Hausa bai mayar da gidajen mutanensa ɗakin kwanan ɗalibai na kyauta ba.

Mu ɗan yi lissafi. Wajen 2015, jaka ɗaya ta sefa ba ta kai Naira 500 ba. A 2024 ta haura Naira 2,000. Ma'ana, kuɗin da uba ke turawa ya narke tun kafin ya tsallaka iyaka. To wa ke cike giɓin? Mai masauki. Shi ne zai ƙara mudu a tukunya, shi ne zai sayi katin wuta, shi ne zai biya ruwan famfo, shi ne matarsa za ta tashi da asuba ta dama koko da mutum ɗaya ƙari. Kuma shi ma ba a cikin yalwa yake ba. Paraku gari ne da arzikinsa ya dogara da hanya: nan layin dogo daga Kwatano ya tsaya, nan manyan motoci ke bi su nufi Malanbil su tsallaka Gaya zuwa Nijar. Tun bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da rufe wannan iyaka, direbobi da 'yan kamasho da masu sayar da abinci a tasha suka shiga wani hali. Kafin nan ma sun sha rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Irin waɗannan mutane ne muke aika wa da ƙarin baki, mu kuma yi shiru.

Wata baiwar Allah ta kira ni daga Paraku, da Hausarta mai gardin Zango. Ta ce shekara biyu ke nan ɗan abokin mijinta yana gidansu. Ɗakin samarin gidan aka ba shi, 'ya'yanta biyu suka koma kwanan zaure. Na tambaye ta ko iyayensa na aiko da wani abu. Ta yi dariya ta ce, "Suna aiko da gaisuwa." Ban ji ɗaci a muryarta ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Wani zai ce ai haka muka gada, saukar baƙo al'adarmu ce. To madalla, mu duba abin da muka gada ɗin. Alaƙar Hausawa da waɗannan garuruwa ta girmi Najeriya, ta girmi Benin. Hanyar fataken Gwanja ce ta haife ta. Ayari kan tashi daga Kano da jakuna da takarkarai, ɗauke da kanwa da tufafin rini da fatu, ya tsallaka Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Paraku, ya yada zango a Jugu, wadda tsofaffi ke kira Zugu, sannan ya nufi Salaga ya sayo goro. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun yi suna a wannan fatauci. A Jugu, sarki na zaune a Kilir, 'yan kasuwa da malamai kuma na unguwar Wangara, inda ayari ke sauka. Kowane madugu yana da fatomansa, wato mai masaukin da ke ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya yi masa tafinta, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa a gaban sarki idan rigima ta taso.

Amma fatoma ba don Allah-ya-ba-ku-mu-samu yake yi ba. Yana da la'adarsa a kan cinikin da aka ƙulla a gidansa. Fatake na biyan garama ga sarakunan da suka ratsa ƙasarsu, suna yi wa uwargida alheri, suna barin goro da kanwa in za su tashi. Kowa ya san haƙƙinsa, kowa ya san iyakarsa, shi ya sa zumuncin ya daɗe har ya haifar da auratayya da zuri'a. Kakanninmu da ba su shiga aji ba sun san cewa masauki amana ce mai fuska biyu. Mu jikokinsu masu takardu, sai muka riƙe rabin gadon da ya yi mana daɗi, muka yar da rabin da ke da nauyi.

Idan kuma addini za a kawo, addinin ma bai goyi bayanmu ba. Hadisin da ke cikin Buhari da Muslim ya ƙayyade liyafar baƙo kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ce daga mai gida, kuma ya hana baƙo zama har ya ƙuntata wa mai masaukinsa. Kwana uku, jama'a. Digirin farko a tsarin Faransa shekara uku ne, na likita kuwa ya ninka haka. Wanda ya aika ɗansa ya ci sadakar wani talaka ta kwana dubu, alhali yana da halin canza mota, ya binciki kansa.

Yanzu na juyo kanku, ɗalibai, domin naku laifin ya fi ba ni kunya. Na taɓa zuwa Paraku da Jugu ɗaukar rahoto, na zauna da wasunku a bakin jami'a a unguwar Albarika, na saurare ku. Ƙorafinku na farko abinci ne. Wai kullum doya. To ƙasar doya kuka zo. Sakwara da miyar gyaɗa, da wasa-wasa, da wagashi na Fulani, su ne abin alfaharin mutanen nan, su suke ba babban baƙo. Matar da ta tsaya ta kirɓa sakwara har kafaɗarta ta yi tsami, ta kawo maka, kai kuma ka yamutsa fuska ka fita ka sayo taliyar leda ka dafa a ɗaki, ka sani ba abincin ka ƙi ba, ita ka wulaƙanta. Ba wanda ya ce dole cikinka ya saba rana ɗaya. Amma akwai bambanci tsakanin "Inna, ban saba ba tukuna, a sa mini kaɗan" da tura kwano gefe ba ko sannu.

Na biyu, harshe. Na ji da kunnena wani yana kwaikwayon Hausar mai masaukinsa yana dariya, wai ba ta da namiji ba ta da mace. Wannan dattijon da kake yi wa dariya yana jin Dandanci, wanda shi ne harshen kasuwa a Paraku da Jugu, yana jin Bargunci, yana jin Faransanci, wataƙila da Fulatanci ko Yarbanci, a Jugu kuma da harshen Yom. Hausar da yake yi maka ita ce ta huɗu ko ta biyar a bakinsa, kuma don ya sauƙaƙa maka yake yin ta. Kai kuwa shekara guda a gidansa ba ka iya "fo nda goy" ba, ba ka iya gaida tsohuwar gidan da harshenta ba. A kasuwar Arzeke, wadda sunanta ma kunnenka ya san shi, mai tumatir za ta ce maka dala ashirin ka tsaya kana zare ido, don ba ka taɓa damuwa ka koyi cewa dala sefa biyar ce ba. Wa ya kamata ya yi wa wani dariya?

Na uku, ibada. Wannan ita ce ta fi haɗari. Yaro ɗan shekara goma sha tara ya sauka a gidan da aka gaji karatu tun kaka da kakanni, ya ga mai gida ya saki hannu a salla ko ya zauna wazifa, ko kuma akasin haka, sai ya naɗe tabarmarsa ya koma wani masallaci, har ya fara yi wa 'ya'yan gidan wa'azi a kan ubansu. Ni ba alƙalancin saɓanin malamai na zo yi ba. Kowa ya riƙe fahimtarsa. Amma babu wata fahimta da ta koyar da cewa ka ci tuwon mutum da dare ka wayi gari kana zubar masa da mutunci a gaban iyalinsa. Rigimar da muka kasa kashewa a Kano da Zariya, bai kamata mu ɗauke ta a jaka mu kai wa mutanen da ke zaune lafiya ba.

Na huɗu, aikin gida. "Ni karatu na zo, ba aikatau ba." Haka wani ya faɗa mini don an ce ya ɗebo ruwa. Na tambaye shi, 'ya'yan gidan fa, suna ɗebowa? Ya ce suna yi. To in an ce maka "ɗanmu," ai da tsintsiyar da bokitin ake nufi. Ba zai yiwu ka zama ɗa a wurin kwano, ka zama baƙo a wurin shara ba. Haka maganar dokar gida. In an ce ana rufe ƙofa bayan isha'i, to ana rufewa. In al'adar gidan ita ce ƙarami ya rusuna ya gaida babba kowace safiya, to gwiwarka ba za ta karye ba. Hausawa suka ce in ka je gari ka tarar kowa da jela, kai ma nemi taka ka ɗaura.

Abin takaicin shi ne, wanda ya fi yin asara a wannan girman kai shi ne ɗalibin kansa. Ku duba: a da, ɗaliban Faransanci na jami'o'in Najeriya sukan yi shekara guda a ƙasar da ake jin harshen. Da kuɗin hakan ya gagara, sai gwamnati ta kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagiri a 1991, aka kuma yi irinsa na Larabci a Ngala ta Jihar Barno, don a ƙirƙiro wa ɗalibi muhallin da zai ji harshe safe da yamma. A Turai da Amurka iyaye kuɗi masu yawa suke biya don a ajiye ɗansu a gidan wasu mutane ya koyi harshe daga bakinsu. Kai an ba ka wannan a ɓagas. Ƙannenka na gidan da Faransanci suke karatu tun firamare, rediyon mai gida da Faransanci take labarai, takardar wuta da Faransanci take zuwa. Maimakon ka buɗe kunne, sai ka kulle ɗaki, ka saka abin ji a kunne, kana hira da abokan gida a WhatsApp har asuba. In ka fito kuma sai wurin 'yan Najeriya 'yan'uwanka. Bayan shekara uku ka dawo da takarda, a ce yi mana tafinta ka fara inda-inda. Tsakaninka da mai digirin mako shida, bambancin kawai shi ne shi bai ci abincin kowa ba.

Na san za a ce na yi son kai, domin akwai masu masaukin da ba su da kirki. Gaskiya ne, akwai su, kuma ba zan rufe wannan ba. Na karɓi kiran yarinyar da aka mayar baiwa, ita ce wanki, ita ce girki, ita ce raino, har ta riƙa rasa darasi, alhali 'yan matan gidan na kwance. Na ji labarin wanda ake turo masa kuɗi ta hannun mai gida, ba ya ganin ko rabi. Akwai ma abin da ya fi wannan muni, wanda ke samun 'ya'ya mata a gidan da babu tsoron Allah, su kasa faɗa don kar a ce sun ɓata zumunci. Mutanen Benin da kansu sun san wannan ciwo. A kudancin ƙasar har suna gare shi, vidomegon, wato yaron da aka kai riƙo gidan wani, kuma sun daɗe suna yaƙi da yadda ake bautar da irin waɗannan yara. Duk ɗalibin da ya tsinci kansa a irin wannan hali, kada ya yi haƙurin da zai kashe shi. Ya faɗa wa iyayensa, ya nemi shugabannin Zango, ya bar gidan.

Amma ku lura da kyau, wannan hujja ba ta wanke iyaye ba, ƙara kama su ta yi. Yaya aka yi yarinya ta shekara tana wahala uba bai sani ba? Saboda bai taɓa taka ƙafarsa ya ga gidan ba. Saboda ba ya biyan komai, don haka bakinsa ya mutu, ba ya iya tambaya. Wanda ya ajiye kaya ba tare da sharaɗi ba, ba shi da bakin cewa an taɓa. Rashin magana a fili tun farko shi ne ke cutar da mai masauki nagari, shi ne kuma ke ba mugu dama. Maganin duka biyun ɗaya ne.

Wasu kuma za su ce maganar kuɗi tana ɓata zumunci, in ka ce za ka biya mai gida zai ji haushi. Wannan dabara ce ta mai son banza. I, zai ce "haba Alhaji, ai ɗana ne," domin haka tarbiyya ta koya masa. Kai kuma tarbiyya ta koya maka ka nace. In ya ƙi karɓar kuɗi a hannu, akwai buhun shinkafa, akwai jarkar mai, akwai katin wuta, akwai kuɗin makarantar ƙaramin ɗansa, akwai atamfar uwargida da salla. Wanda ya yi niyya ba ya rasa hanya. In kuwa talauci ne na gaskiya, to a faɗa masa gaskiya tun farko, ya ɗauki nauyin da saninsa ya samu ladansa cikakke, yaron kuma ya san cewa hannunsa da ladabinsa su ne kuɗin hayarsa.

Sannan mu tambayi kanmu wata tambaya mai ɗaci. Samarin yankin Jugu da yawa suna tsallakowa Najeriya aikin gona da leburanci, 'yan matansu na shigowa aikin gida. Idan ɗayansu ya ƙwanƙwasa ƙofarmu ya ce kakansa ya taɓa saukar kakanmu, mu nawa ne za mu fitar da 'ya'yanmu daga ɗaki mu ba shi, mu ciyar da shi shekara uku, mu kira shi ɗa? Mu da ko sunan ƙasarsu ba mu damu mu bambance ba, kowa "ɗan Kwatano" ne a wurinmu. Abin da ba za mu iya yi wa mutane ba, da wane ido muke neman su yi mana?

Saboda haka ga abin da nake kira a kai. Uba, kafin ka tura yaro, ka tura kanka. Ka je ka ga ɗakin, ka gaida matan gidan, ka zauna da mai gida ku yi magana ta maza: wata nawa, me zan riƙa aikowa, wane aiki yaro zai yi, wa zai riƙe kuɗinsa, in ya yi laifi wa za a kira. In 'ya mace ce, uwa ta je da kanta, kuma a bar wa yarinyar hanyar da za ta yi magana da gida ba tare da kowa na tsaye a kanta ba. A tabbatar da takardun zamansa, domin yarjejeniyar ECOWAS kwana 90 ta ba baƙo ba tare da biza ba, kada a bar mai masauki da jidalin hukuma. Kuma a sa wa zaman iyaka. Shekarar farko a gida, don yaro ya koyi harshe ya san gari, ta wadatar. Daga nan a kama masa haya, ya riƙa zuwa gaisuwa ranar Juma'a da ɗan abin da ya samu. Zo mu zauna, zo mu saɓa ne. Tashi da wuri shi ke sa a yi kewar juna.

Kai kuma ɗalibi, ka sani duk inda ka zauna, da kai za a auna garinku. Ka koyi gaisuwa da Dandanci a makon farko. Ka ci abin da aka ci. Ka ɗauki tsintsiya kafin a miƙo maka. Ka zauna da ƙannenka ka koya musu Turanci su gyara maka Faransanci. In an tafi Jugu salla ko Nikki bikin Gani, ka bi su ka ga duniya. In ka gama ka dawo, kada lambar Baba da Inna ta ɓace daga wayarka.

Mutanen Paraku da Jugu sun sauki kakanninmu da jakunansu, yau suna saukar 'ya'yanmu da jakunkunansu, ba su gaji ba. Amma ƙofar da ake yawan bankawa ba sallama, wata rana za a sa mata sakata, kuma yaron da zai tarar da ita a rufe ba shi ne ya yi laifin ba. Allah ya saka wa masu masauki da alheri, mu kuma ya ba mu kunyar da za ta sa mu sauke haƙƙinsu.